Yadda ake ceto saƙonnin WhatsApp idan rumbun bayanansa ya lalace

Mai sayen masara a Yako, cikin ƙaramar hukumar Kiru, wanda ke tura buhuna kasuwar Dawanau, sau da yawa WhatsApp ne littafin bashinsa: wa ya karɓa, wa ya biya, ga hoton rasit. Ranar da manhajar ta buɗe fayau babu saƙo ko ɗaya, kuma bai taɓa haɗa ta da Google Drive ba, sai ya ɗauka kuɗinsa sun bi ruwa. Ba lallai ba ne.

A wayar Android, saƙonnin suna cikin fayil mai suna msgstore.db. Fayil ɗin na iya lalacewa idan ma'ajiyar waya ta samu matsala, ko wayar ta mutu tana tsakiyar rubutu. Sai dai WhatsApp kan adana kwafi a cikin wayar kanta da ƙarfe 2 na dare, ya riƙe na kwanaki 7 da suka wuce.

Babban kuskure shi ne gaggawar goge manhajar, domin a sababbin wayoyi tana iya tafiya da kwafin. Ga matakan da za a bi:

1. A kashe data, a buɗe manhajar duba fayiloli, a shiga Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Databases. A tsofaffin wayoyi yana WhatsApp/Databases.
2. A kwafe duka abin da ke ciki zuwa kwamfuta ko katin memori.
3. A zaɓi fayil mai kwanan watan da ya gabaci matsalar, mai ƙarewa da crypt14 ko crypt15. A cire kwanan watan daga sunan, ya koma msgstore.db.crypt14 ko msgstore.db.crypt15. Kada a taɓa lambar ƙarshen.
4. A goge WhatsApp, a sake sauke shi, a mayar da fayil ɗin wurinsa kafin a buɗe manhajar.
5. A shigar da lambar waya ta asali, a danna Restore.

Dole sai da lambar nan, domin fayil ɗin a kulle yake, wata lamba ba za ta buɗe shi ba. Saƙonnin da suka shigo bayan ranar kwafin kuwa ba za su dawo ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kowane dare sabon kwafi yana ture mafi tsufa, don haka wanda ya yi jinkirin mako guda zai iya tarar da lafiyayyen ya tafi. Da zarar saƙonnin sun dawo, a shiga Settings, Chats, Chat backup, a haɗa da Google Drive tun kafin a ajiye wayar.