Biya Tukuna, A Mayar Maka Daga Baya: Nazari Kan Jinya A Ƙetare Cikin Tarayyar Turai

A shekarar 1998 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci kan ƙararraki biyu daga ƙasar Luksamburg, waɗanda aka fi sani da shari'ar Decker da ta Kohll. Na farko tabarau ya saya a Beljiyam ba tare da neman izini ba, na biyu kuma izini ya nema don kai 'yarsa gyaran haƙora a Jamus, aka hana shi. Asusun inshorar ƙasarsu ya ƙi biyan ko sisi. Kotu ta ce wannan sharaɗin izini ya saɓa wa 'yancin zirga-zirgar kaya da ayyuka tsakanin ƙasashen Tarayyar. Daga nan ƙofa ta buɗe ga majinyatan da ke son fita waje a yi musu magani, sannan su dawo gida a mayar musu da kuɗinsu.

Abin da ya fi korar mutane waje shi ne tsawon layin jira. A 2006 kotun ta saurari shari'ar Watts, wata dattijuwa 'yar Birtaniya da ta gaji da jiran tiyatar ƙugu ta tafi Faransa aka yi mata. Hukuncin ya nuna cewa ba a hana mutum izini don kawai sunansa yana cikin layi. Sai an duba halin da yake ciki da zafin ciwonsa, a ga ko jiran ya wuce abin da likitanci zai lamunta. Akwai kuma mazauna bakin iyaka, waɗanda asibitin maƙwabta ya fi na ƙasarsu kusa da su, da masu cututtukan da ba kasafai ake gani ba, waɗanda ƙwararrun cutar tasu ƙalilan ne a nahiyar baki ɗaya. A 2014, cikin shari'ar Petru daga Romaniya, kotun ta ƙara da cewa rashin magunguna da kayan aiki a asibitocin ƙasa na iya zama hujjar fita.

Da hukunce-hukunce suka yi yawa, sai aka tattara su cikin doka guda a 2011, aka ba ƙasashe wa'adin zuwa 25 ga Oktoba 2013 su shigar da ita cikin dokokinsu. Yanzu hanyoyi biyu ne. Tsohuwar hanya ita ce ta takardar S2: majinyaci ya nemi izini, idan an ba shi, hukumar ƙasarsa ce ke biyan ƙasar da ta yi jinyar bisa farashin can. Sabuwar hanya ta ba shi damar zuwa asibitin gwamnati ko na kuɗi, sau da yawa ba tare da izini ba, sai dai idan aikin na buƙatar kwana a asibiti ko na'urori masu tsada. Amma shi zai fara biya daga aljihunsa, kuma abin da za a mayar masa ba zai wuce kuɗin da aikin ke ci a ƙasarsa ba.

Amfanin tsarin a fili yake. Tsofaffi masu yanar ido daga kudancin Ailan sun riƙa cika motoci zuwa Belfast da ke ƙarƙashin Birtaniya, ana yi musu aiki su dawo da ganinsu maimakon su shekara suna jira. Har bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar, gwamnatin Ailan ta ƙirƙiro wani shiri na musamman a 2021 don kada hanyar ta toshe. Dokar 2011 ta tilasta wa kowace ƙasa buɗe ofishin ba da bayani ga majinyata, ta kuma haifar da cibiyoyin haɗin gwiwar ƙwararru 24 da aka ƙaddamar a 2017 don cututtuka masu wuyar sha'ani.

Sai dai tsoron da gwamnatoci suka yi na cewa jama'a za su kwarara waje su tsiyata asusun lafiya bai tabbata ba. Kotun binciken kuɗi ta Tarayyar ta bayyana a rahotonta na 2019 cewa kimanin mutum 200,000 ne kacal ke amfani da dokar a shekara, ƙasa da kashi 0.05 cikin ɗari na al'umma. Rashin sani na daga cikin dalilai, sannan akwai wahalar harshe, fassarar takardun likita da yawan cike-ciken fom.

Babban cikas dai shi ne kuɗi. Wanda ba shi da abin da zai ajiye a hannun asibiti, ga kuɗin jirgi da masauki, haƙƙin ya tsaya masa a takarda. Ƙa'idar farashin gida kuma tana nuna bambanci tsakanin ƙasashe. Bajamushe da ya je Folan gyaran haƙori zai iya samun kusan duk abin da ya kashe. Ɗan Bulgeriya da ya je Jamus kuwa ɗan abin da za a mayar masa ba zai taɓa cike gurbin ba. Ke nan mutanen ƙasashen da asibitocinsu suka fi rauni, waɗanda suka fi kowa buƙatar fita, su ne dokar ta fi bari a baya.

Ga 'yan'uwanmu mazauna Turai masu inshorar ƙasar da suke zaune, shawara ita ce a tuntuɓi ofishin bayani kafin a kama hanya, a fara gwada neman takardar S2, a kuma adana kowane rasit da rahoton likita.

Dokar 2011 ci gaba ce ta haƙiƙa, amma ba ta kammala aikinta ba. Muddin majinyaci ne zai fara biya, mai hali ne zai ci moriyarta. Gyaran da ya dace shi ne hukumomin inshora su riƙa biyan asibitoci kai tsaye, tare da tallafa wa marasa ƙarfi da kuɗin tafiya, domin ciwo ba ya jiran mutum ya tara kuɗi.