Ƙaramin Itace da Raunukansa: Haɗurran Renon Bonsai a Utako da Kewayenta

Bonsai suna ne da Jafanawa suka ba itacen da aka dasa a cikin faffaɗan kasko mara zurfi, aka yi ta rage masa reshe da saiwa shekara da shekaru, har ya ɗauki siffar tsohuwar bishiya alhali tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Asalin fasahar daga ƙasar Sin yake, inda aka samu zanen irin waɗannan itatuwa a bangon kabarin wani yarima na daular Tang da aka binne a shekarar 706, amma a Japan ta bunƙasa ta samu ƙa'idoji da kayan aiki nata na kanta, musamman bayan da masu renon itatuwan na Tokyo suka ƙaura zuwa Omiya suka kafa unguwarsu a 1925, sakamakon girgizar ƙasar da ta rusa birnin a 1923. Wanda ya ga itacen a kan tebur zai ɗauka babu aikin da ya kai renonsa rashin haɗari, tunda ba hawa ake yi ba, ba kuma sara da gatari ba, sai dai wannan ƙanƙantar ita ce ke jawo mai aikin ya kusantar da fuskarsa da yatsunsa zuwa ga kaifi da ƙaya da guba fiye da yadda kowane manomi yake yi.

A Abuja, inda ƙawata harabar gida da ofis da otal ya zama kasuwanci mai zaman kansa, masu sayar da fulawa sun jera tukwanensu a gefen manyan tituna da filayen da ba a gina ba, kuma Utako da maƙwabciyarta Jabi, waɗanda suke cikin kashi na biyu na tsarin gina birnin, ba su rasa rabonsu ba. Bonsai irin na Japan, wanda ake yi da itatuwan ƙasashen sanyi, ba ya jure zafin Maris da Afrilu na wannan yanki, saboda haka masu sha'awa kan koma ga itatuwan ƙasashe masu zafi: dangin ceɗiya da durumi, da tsamiya, da kuka, da bugenbiliya mai ƙaya, da kuma ƙarya, itacen nan mai kumburarren gindi da jan fure wanda karin magana ke cewa fure take yi ba ta 'ya'ya. Kowanne daga cikinsu yana da hanyar da yake cutar da mai taɓa shi.

Rauni mafi saurin aukuwa shi ne na kayan aiki. Almakashin bonsai da wuƙar dasa reshe ana wasa su har su iya aske gashi, domin yanka mai tsabta ne ke warkewa a jikin itace, kuma da yake hannun hagu ne ke riƙe reshen da ake yankewa, shi ne ke karɓar kaifin idan wuƙa ta zame. Yankan da ya ratsa cikin yatsa yana iya tsinka jijiyar da ke lanƙwasa shi, abin da ba a cika ganewa nan take ba sai an lura yatsan ya ƙi naɗuwa, kuma ɗinkin irin wannan jijiya aikin likitan fiɗa ne da ake so a yi cikin 'yan kwanaki. Waya kuwa, wadda ake nannaɗawa a reshe don a tanƙwara shi, ta jan ƙarfe ce ko ta alminiyum, kuma gutsuren da aka datse da filaya yakan yi tsalle, haka ma reshen da aka ɗaure da ƙarfi yakan kuɓuce ya maro fuska. Tabarau na kariya da ake samu a shagunan kayan gini yana hana mafi yawan wannan, amma ba kasafai ake ganinsa a fuskar mai gyaran fulawa ba.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa a ƙasar nan shi ne ruwan da ke fita daga jikin itatuwan. Ƙarya tana ɗauke da sinadaran da ke rikita bugun zuciya, kuma saboda haka ne al'ummomi da dama a Afirka suka daɗe suna amfani da ita wajen haɗa dafin kibiya da kashe kifi. Wanda ya datse rassanta da hannu tsirara, sannan ya ɗauki goro ko gurasa ya kai baki ba tare da ya wanke ba, ya shigar da ɗan abin da maharba ke nema, kuma haɗarin ya fi tsanani ga yaro ƙarami ko akuya da za su tauna guntun da aka zubar. Dangin tinya da ƙerana da aguwa, waɗanda wasu irinsu na ado ke cike da tukwanen gefen titi, suna fitar da farin ruwa mai kama da nono wanda ke ƙona fata, idan kuma ya shiga ido ya kan kumbura siririyar fatar da ke rufe baƙin idon, da raɗaɗi mai tsanani da dushewar gani na kwanaki. Sau da yawa ba fantsama yake yi ba. Mai aikin ne ke share gumi da bayan hannu. Abin yi a nan shi ne a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon na aƙalla minti 15 zuwa 20 kafin a nufi asibiti, ba a ɗiga nonon mace ko ruwan sukari ko kwalli ba, kamar yadda wasu ke yi.

Ƙaya da ƙasa suna aiki ne a hankali, shi ya sa ake raina su. Ƙwayar cutar tetanus, wadda ke sanƙarar da haɓa da wuya da sauran tsokar jiki, tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, wato ainihin abin da ake cika tukunyar fulawa da shi, kuma ta fi son ƙaramin huji mai zurfi irin na ƙayar bugenbiliya ko bakin waya, inda iska ba ta shiga. Alamominta kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan raunin, lokacin da mutum ya riga ya manta da shi, alhali allurar rigakafi da ake sabuntawa duk shekara 10 ta isa ta hana ta. Akwai kuma wata cutar da wani nau'in funfuna mai suna Sporothrix ke haddasawa, wadda ke farawa da ɗan ƙurji mara ciwo a yatsa, sannan wasu ƙuraje su jeru suna hawa dantse. A 1988 ta kama mutum 84 a jihohi 15 na Amurka, aka kuma gano tushenta a cikin gansakukar da aka naɗe saiwar dashe da ita, irin gansakukar da masu bonsai ke ɗaurawa a reshe don ya fitar da saiwa. Maganin ƙwayoyin cuta da ake saye a kemis ba ya taɓa ta, sai maganin funfuna na watanni.

Magungunan feshi su ne babin da ya fi kusa da kisa. Masu bonsai kan shafa wani haɗin farar wuta da farar ƙasa a busasshen reshe don ya yi fari kamar na tsohon itace, kuma wannan ruwa yana cin fata da ido, idan ya gamu da abu mai tsami kuma ya saki iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Amma abin da ake yawan samu a hannun masu fulawa a nan shi ne diklobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a 2019. Yana shiga jiki ta fata da numfashi, ya hana jijiyoyi sakin tsoka, sai yawu ya yi ta zuba, gumi ya keto, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. Ɗura wa wanda gubar ta kama manja ko madara, wanda ya zama al'ada, yana iya kai abin cikin huhu. Tuɓe tufafin da suka jiƙe, da wanke jiki da sabulu, da gaggauta kai shi asibiti tare da kwalbar maganin, su ne ke ceton rai.

Sauran haɗurran na nauyi ne da na maƙwabtan tukunya. Babbar tukunyar siminti da aka cika da jiƙaƙƙiyar ƙasa takan gurɗe baya ko ta murƙushe yatsun ƙafa, sanyin da ke ƙarƙashinta a lokacin rani kuwa yana jawo kunama, wani lokaci har da maciji, kuma gamsheƙa na iya tofa dafinta a ido daga nesa.

A Omiya wanda ke riƙe almakashin ya koyi aikin a hannun gwani na shekaru. A gidaje da ofisoshin Utako kuwa mai itacen yakan saye shi ne a gama, ya miƙa kulawarsa ga gadina ko mai gadi, sau da yawa saurayin da ya zo ci-rani daga Kano ko Katsina ko ƙetaren iyaka, wanda ya san noma sarai amma ba wanda ya gaya masa abin da ke cikin kwalbar da aka ba shi, kuma ba ya cikin kowane tsarin inshorar lafiya. Asibitin Ƙasa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi ba su da nisa da unguwar, sai dai kuɗin kati da na ɗinki kan sa irin wannan ma'aikaci ya ɗaure yatsa da tsumma ya koma bakin aiki, alhali safar hannu da tabarau da allurar tetanus, in an haɗa kuɗinsu duka, ba su kai farashin tukunya guda ta ƙarya mai kyan gindi ba.