"Umma, Ki Sayo Min Cincila": Abin Da Kiwon Zomaye Ya Koya Mana A Birnin Zariya

Na dawo daga aikin dare a gajiye, ko takalmi ban cire ba, sai ga babban ɗana ya tare ni a zaure da wayar babansa a hannu. Shekararsa goma a lokacin. A cikin wayar wata 'yar dabba ce ruwan toka, mai manyan kunnuwa da jela kamar ta kurege, tana birgima a cikin kwanon ƙura.

"Umma, don Allah ki sayo min irin wannan. Cincila sunanta. Wallahi ni zan riƙa kula da ita."

Na ce masa to, bari in yi barci tukuna. Duk uwa ta san irin wannan "to" ɗin. Amma yaron bai manta ba, kullum da safe sai ya tuna min. Ƙarshe dai muka yi alkawari: in ya ci jarrabawar ƙarshen zango da kyau, za a duba. Ya kuwa ci. Wannan alkawarin ne ya kai mu ga kiwon zomaye, ya kuma kai mu ga wata asara da har yau nake jin ciwonta. Na rubuta wannan ne don wata uwar ta tsallake ramin da na faɗa.

Mece ce cincila?

Cincila dabba ce daga dangin su ɓeran Masar. Asalinta duwatsun Andes ne a Kudancin Amurka, musamman ƙasar Chile, inda ake sanyi da bushewar iska. Nauyinta bai cika kai kilo ɗaya ba. Abin da ya sa ta yi suna shi ne gashinta. Mu mutane, kowane ramin gashi sili ɗaya yake fitarwa, ita kuwa sama da sili 50 ne ke fita daga rami ɗaya. Saboda wannan laushin aka yi ta farautarta ana ɗinka riguna da fatarta, har ta kusa ƙarewa a daji. Yawancin waɗanda ake gani a gidajen Turawa yau jikoki ne na wasu guda 11 da wani injiniya Ba'amurke, Mathias Chapman, ya kai Kalifoniya a shekarar 1923.

Ba a yi mata wanka da ruwa, domin gashin ba ya saurin bushewa. Wannan birgimar da ɗana ya gani, wankanta ke nan, a cikin wata lallausar ƙura ta dutsen aman wuta da ake sayarwa musamman dominta. Tana ɗaukar ciki na kusan kwana 111, ta haifi ɗaya ko biyu, wani lokaci uku. Tana iya rayuwa shekara 15, wasu har 20. Ki lissafa: yaron da ya roƙe ki yana aji biyar, zai iya gama jami'a ya bar miki ita.

Babbar matsalar ita ce zafi. Cincila ba ta gumi, ga kuma wannan bargon gashi a jikinta. Da zarar zafin ɗaki ya haura digiri 27, rayuwarta na cikin haɗari. Mu kuwa a Zariya, daga Maris zuwa farkon Mayu, rana takan tasam ma digiri 40. Sai dai a ajiye ta a ɗaki mai na'urar sanyaya iska dare da rana, kuma kin san yadda wutar lantarki take a wajenmu. Ɗauke wuta na yini ɗaya a bazara ya isa ya kashe ta. Don haka amsata ga duk uwar da ta tambaye ni ita ce: kada ki fara. Ba rowa ba ce, tausayin dabbar ne.

Cincilar da muka samu a kasuwa

Kafin in san duk wannan, mun riga mun je nema. Wani mai sayar da tantabaru da zomaye a wajen gari ya ji abin da muke so, sai ya washe baki.

"Cincila? Hajiya, ai ga su nan, jiya ma aka kawo su."

Ya nuna mana zomaye biyu masu ruwan toka. Ɗana ya kalle ni, na kalle shi. Na zaci mutumin wayo zai yi mana, ashe gaskiyarsa ce. Akwai irin zomo da ake kira cincila, wanda aka fara fitar da shi a Faransa wajajen 1913, aka sa masa sunan saboda launin gashinsa ya yi kama da na waccan dabbar. Yana cikin ire-iren zomayen da aka fi kiwo a Najeriya, tare da farin nan mai jan ido da ake kira New Zealand. In kin busa gashinsa za ki ga launi hawa-hawa, duhu a ƙasa, fari a tsakiya, toka-toka a sama.

Yaron ya ɗan ɓata rai, amma da aka ɗora masa macen a hannu ya ji laushinta, sai ya manta da ta cikin waya. Muka dawo gida da mace da namiji a cikin kwali.

Ranar da muka yi asara

A watan Nuwamba muka saye su, hunturu na shigowa, komai lafiya lau. Kafinta ya buga mana keji mai rufin kwano, muka jingina shi da wata katanga ta tsakar gida, saboda nan ne ba a yawan wucewa.

Wata rana a Afrilu ina aikin safe, yara suna makaranta. Da na dawo bayan La'asar na tarar da namijin a miƙe, bakinsa da hancinsa sun jiƙe. Ya riga ya mutu. Macen tana ta haki, kunnuwanta sun yi jawur. Kwanon ruwansu ya kife tun da hantsi, rana kuma ta juyo ta haske kejin tun daga Azahar.

Ni ce nake gaya wa mata a asibiti su kula da jarirai a lokacin zafi, amma ban taɓa tunanin zomo ma haka yake ba. Ɗana ya ƙi cin abinci a daren nan. Abin da ya ce min shi ne, "Umma, ya sha wahala kafin ya mutu?" Ban yi masa ƙarya ba. Na ce ya sha, kuma laifin na manya ne da suka zaɓi wurin.

Surukata ce ta ceto macen. Ta ce a kai ta tsohon ɗakin soron da muke ajiye tarkace, a ajiye ta kusa da randa. Ginin ƙasa irin na cikin birni, mai kaurin bango da rufin azara, ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi nesa ba kusa ba. Na riƙa shafa mata ruwa a kunnuwa da tsumma har numfashinta ya daidaita.

Zomo ta kunne yake fitar da zafin jikinsa, kuma da zarar an wuce digiri 30 ya fara wahala. In kin ga yana haki, ya baje a ƙasa, ki mai da shi inuwa nan take, ki jiƙa masa kunnuwa da ruwan randa. Kada ki tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, firgitar kaɗai na iya kashe shi. A bazara mukan rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a jikin kejin, in an samu wuta kuma mu daskarar da ruwa a gora mu ajiye musu su jingina.

Muhalli da abinci

Keji ya kasance a inuwa yini guda, ba inuwar safe kawai ba. Ki tsaya ki duba inda rana take faɗawa da ƙarfe uku na yamma kafin ki zaɓi wuri. A ɗaga shi daga ƙasa kamar tsayin ƙugu, a sa ƙafafunsa cikin gwangwani mai baƙin mai saboda kwarkwasa, wadda kan cinye jarirai a dare ɗaya. Wayar ta zama mai ƙananan idanu don kada ɓera ko maciji ya shiga. Kada ki sake su a tsakar gida ba mai kallo: ga mage, ga kuma haƙa. A gidan ƙasa, zomo na iya yin rami a gindin katanga, damina ta zo ta ƙarasa aikin.

Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, don haka dole ya yini yana tauna abu mai tauri. Babban abincinsa harawa ce, ta wake ko ta gyaɗa, da ciyawa. A kai sai a ƙara ɗan dusa, ganyen dankalin Hausa, ganyen karas da zogale. Kabeji da latas kaɗan-kaɗan, domin yawansu na kawo gudawa. Ganyen da kika samo a kasuwa ko daga lambunan bakin Kubanni da Galma, ki wanke shi saboda maganin feshi, ki bar shi ya sha iska kafin ki ba su. Ban da ganyen tumatir, ganyen dankalin Turawa, albasa da ɗanyen ɓawon rogo. Ban da tuwo da miya kuma, duk da yara za su so su raba da su.

Akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa. Ba gaskiya ba ne. Yana sha, mai shayarwa ma ta fi kowa. Ki sami kasko mai nauyi wanda ba zai kife ba. Mu da kwanon roba muka yi asara.

Haihuwa

Zomanya takan isa barbara tana wata biyar zuwa shida. Ita ake kai wa kejin namiji, domin in aka kawo mata shi ɗakinta faɗa za ta yi da shi. Cikinta kwana 31 ne, ko ya ɗan gaza ko ya ɗan haura. A kwana na 28 ki sa mata ɗan akwati da busasshiyar ciyawa. Za ki ga tana tuge gashin ƙirjinta tana shimfiɗawa, alamar haihuwa ta zo.

Takan haifi shida zuwa takwas, tsirara, ido a rufe, sai wajen kwana goma suke buɗewa. Sau ɗaya ko biyu take shayar da su a yini, na 'yan mintuna kawai, galibi da dare. Yara kan ɗauka ta ƙi su ne, su fara ciro su suna ba su madara. Ki hana. In cikinsu a cike yake da safe, suna sha. Ana yaye su a mako biyar zuwa shida, a kuma raba maza da mata kafin su kai wata uku.

Zomanya na iya ɗaukar wani cikin washegarin haihuwa, saboda haka kada namiji ya zauna tare da ita. In ba haka ba, za ta rame, ke kuma kafin shekara ki rasa inda za ki sa su. Tun kafin haihuwar farko ku yi magana da yara a kan makomar 'ya'yan: sayarwa, kyauta ko yanka. Mu mun yi yarjejeniya cewa uwar ba za a taɓa ta ba, kuɗin 'ya'yan kuma rabi na harawa ne, rabi na asusun mai kiwo.

Inda aikina ya shigo

Na farko, kada ki ba zomo ragowar maganin yara. Amoxil, Ampiclox da danginsu na fenisilin, in aka ba shi ta baki, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, ya kama gudawa ya mutu cikin kwanaki. Mu a Zariya ba mu da uzuri: akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga kuma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, inda aka fitar da kajin Shika Brown, su ma suna aiki a kan zomaye. Zomon da ya yini bai ci ba, ko ya daina kashi, na gaggawa ne.

Na biyu, fata. Ɓawon da ke fitowa a kunne, hanci ko ƙafar zomo yawanci ƙazuwa ce, kuma likitan dabbobi na da allurarta. Makero kuwa yana iya tsallakawa daga zomo zuwa yaro. In kin ga zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi a hannu ko kan yaro, a duba su duka biyun.

Na uku, yakushi. Ba a ɗaga zomo ta kunne, yana jin zafi, kuma in ya yi harbi da ƙafa zai iya karya bayansa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙugu. Yaron da bai kai shekara bakwai ba ya zauna a tabarma a ɗora masa. In an yi yakushi, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ki kuma duba katin rigakafin yaron ko allurar tetanus ɗinsa ta cika.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna. Dusa da ragowar abinci suna kiran ɓeraye, kuma ta fitsari da kashin ɓera ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda ya fi yawa a lokacin rani. Ki zuba dusa a bokiti mai murfi, a share ƙarƙashin keji kullum, kejin kuma ya yi nesa da madafi. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa su doka ce a gidanmu, har ga baban yara.

In kin sayo sabon zomo, ki ware shi mako biyu kafin ki haɗa shi da na gida. Akwai wata annobar zomaye mai sa zubar jini a ciki, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Najeriya a 2020. Ba ta kama mutum, amma takan share keji cikin kwana biyu ko uku.

Kafin ki ce to

Zomanyarmu tana nan, ta haihu sau biyar. Ɗana ne ke ba ta ruwa kafin ya tafi makaranta, shi ke zuwa sayen harawa, yana kuma rubuta ranar barbara da ranar haihuwa a bayan littafin lissafinsa. Amma ranar da yake jarrabawa ko zazzaɓi ya kwantar da shi, aikin nawa ne. Ki sa wannan a lissafi, domin dabbar da aka kulle a keji ba ta da mai ba ta ruwa sai wanda ya kulle ta.

In kin shirya, ki fara da mace ɗaya da namiji ɗaya, a kaka ko farkon hunturu, don ku saba da juna kafin zafi ya zo. In kuma kina da wata dabarar sanyaya keji a bazara wadda ba ta buƙatar wuta, ki rubuto mana a ƙasa, Maris ba nisa.