Tukunyar Tangaran a Kan Wuta: Laifin Wa Ne Idan Ta Tsage?

Ɗaukewar wutar lantarkin da ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda a ƙarshen Oktoban 2024 ta sha sharhi a jaridu da gidajen rediyo, amma kusan duk a kan masana'antu da masu injin casar shinkafa aka tsaya. A cikin gidaje wata ƙaramar asara aka tafka. Amaren da aka jera wa tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali sun zaro ta ciki, wato ta tangaran, sun ɗora a kan gas ko murhun gawayi. A gidan wata 'yar'uwata a Kura, miyar ko tafasa ba ta yi ba sai aka ji ƙas, gindin tukunya ya rabe biyu. Nan take aka yanke hukunci cewa jabu aka sayar musu. Na ji irin wannan zargi a bakin mutane da dama, kuma kuskure ne.

Wannan tukunya 'yar Amurka ce. Irving Naxon ya samu rajistar ƙirƙirarta a 1940, kamfanin Rival ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971. An yi ta ne don ɗumi kaɗan ya kewaye ta daga kowane gefe na tsawon awa shida ko takwas. Tangaran ɗin cikinta an gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 1,200, har ya haɗe ya zama kamar gilashi. Idan harshen wuta ya bugi gindinsa, wurin sai ya buɗe alhali gefuna na nan da sanyinsu, jikin kuma ba shi da inda zai saki, sai ya tsage. A cikin obin kuwa iska mai zafi ce ke lulluɓe shi gaba ɗaya, shi ya sa kamfanin Crock-Pot ya yarda a sa nasa har zuwa wajen digiri 200, muddin an cire murfin. Kada a fito da shi daga firij a cusa a obin mai zafi, kada a sauke shi a kan siminti mai sanyi, kada a zuba masa ruwan randa yana da zafi. Wanda ya riga ya yi tsaga ko da siririya ce a ajiye shi. A duba takardar da ta zo da tukunyar, don ba duk kamfanoni ne suka yarda ba. Iyakar maganar ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka manta cewa tukunyar da aka yi domin harshen wuta tamu ce. Maginiyar tukwane tana daka tsingaro ko ta zuba yashi a cikin yumɓu, ta gina, ta shanya, sannan ta gasa a fili da kara da ciyawa da kashin shanu, a zafin da bai cika wuce digiri 800 ko 900 ba. Jikin tukunyar sai ya fito da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Su ne ke ba ta damar buɗewa da tsukewa ba tare da ta fashe ba, su ne kuma ke sa ruwan randa sanyi. Abin da ake raina ta a kansa, wai ba ta da sheƙi, shi ne ƙarfinta. Baturen nan Michael Cardew, wanda ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, ya yaba wa tukwanen matan ƙasar nan saboda jurewarsu a kan wuta. A can Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce hotonta ke bayan takardar naira ashirin. Muna kashe kuɗin kullum, 'ya'yanmu ba su san sana'ar da ta kai ta wurin ba.

Batun obin ma ba baƙo ba ne gare mu. Tanderun gurasa tukunya ce ta yumɓu wadda ita kanta ce obin: a hura kara a cikinta, ta sha zafi, a manna ƙullun a jikinta. Matan Jakara a birnin Kano sun gaji wannan tun kaka da kakanni, alkamar rani irin wadda ake nomawa a Kadawa kuwa tana cikin abin da ke shiga tanderu. Haka tandar waina ta ƙasa, haka kaskon tuya. Kakanninmu kan girke dahuwar wake ko ƙafar sa a kan garwashi da dare, a rufe, da asuba an samu ta yi luguf. Wannan fa shi ne aikin da Crock-Pot ke yi da lantarki. Ban da girki, tukunyar ƙasa har adana abinci take yi: Malam Mohammed Bah Abba, malamin kwaleji a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan lambu suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Manoman tumatir na Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda ke kallon kwandunansu na ruɓewa a Kwanar Gafan, su ya kamata su fi kowa cin moriyar wannan fasaha a gidajensu.

Da me muka musanya tukunyar ƙasa? Da wadda ake narkawa daga tarkacen injin mota da gwangwani. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano suna sakin gubar dalma, abinci mai tsami kuma ya fi janyo ta. Miyarmu ta tumatir ce da yakuwa da tsamiya. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito, bai kamata ya ɗauki maganar da wasa ba. Ban ce duk tukunyar maƙera guba ce ba, amma wa ke aunawa?

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, duk lissafin hukuma a yankin Kura na abin da ke fitowa daga gona ne. Yadda za a dafa shi, da abin da za a dafa shi a ciki, an bar wa mata su ji da shi. Ga ɓuntun shinkafa tuli-tuli a bayan injinan Kura, ana cinna masa wuta yana turnuƙe unguwa da hayaƙi, alhali makamashi ne na gasa tukwane, ana kuma cuɗa shi da yumɓu a yi murhu mai riƙe zafi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da ilimin tangaran shekara da shekaru. Me ya hana shugabannin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure su haɗa malamanta da maginan da suka rage, tun kafin tsofaffin su ƙare? Ana raba wa mata keken ɗinki da injin taliya a kowane taron tallafi, har sun yi wa kasuwa yawa. A ware kuɗin taro ɗaya tak a gina wa magina rumfar shanya tukwane, don ruwan damina ya daina narkar musu da aikin mako guda.

Ku kuma iyayen amare, masu cin bashi don jera kayan wuta a garin da wutar ba ta kwana, ku sa tukunyar ƙasa biyu da tanda ɗaya a cikin kayan. 'Yar'uwar tawa da ta yi asarar tangaran ta aika an sayo mata tukunyar ƙasa ɗaya ranar kasuwa, surukarta ta nuna mata yadda ake dafa ruwan dusa a ciki kafin a fara girki da ita.