Dundumin da hanta ba ta warkarwa

Magariba na yi, sai yaro ya soma tuntuɓe da buta da turmi a tsakar gidan da ya tashi a ciki. Manya su ce dundumi ne, a gasa masa hanta. Sau da yawa sukan dace, domin ƙarancin bitamin A na kawo dundumi, hanta kuwa cike take da shi. Amma akwai dundumin da ko hantar bijimi guda aka cinye ba ya gushewa, saboda gadonsa ake yi.

Likitoci na kiransa retinitis pigmentosa, sunan da likitan Holan Franciscus Donders ya raɗa masa a 1857, kuma yana kama kusan mutum 1 cikin 4,000 a duniya. A tantanin da ke can ƙuryar ido akwai ƙwayoyi kimanin miliyan 120 masu gani cikin duhu da ta gefe. Su ne ke fara mutuwa. Gani sai ya riƙa tsukewa shekara da shekaru, har ya zama kamar leƙe ta cikin kara. Nan ne abin ke da ciwo: mutum na iya karanta jarida, amma ya kasa ganin hannun da aka miƙo masa, a ce girman kai ne.

Wani nau'insa na bin hanyar sikila. Uwa da uba lafiyarsu lau, amma kowa na ɗauke da shi, sai kowane ciki ya zama da yiwuwar 1 cikin 4. Abin lura ne ga gidajen da auren zumunci ya yi yawa.

Magani bai wadata ba. A 2017 Amurka ta amince da Luxturna, ga masu matsalar ƙwayar gado RPE65 kaɗai, a kan dala 850,000. Amma rayuwa ba ta tsayawa: wani mai suna Gordon Gund ya makance da wannan cuta a 1970, ya kafa gidauniyar binciken cutar da wasu a 1971, daga baya ya mallaki ƙungiyar ƙwallon kwando ta Cleveland Cavaliers.

Abin da iyaye za su iya shi ne kai yaro Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano tun da wuri, ya koyi sanda da rubutun makafi da TalkBack, manhajar da ke karanta masa waya, tun yana da sauran gani.