Taimin Ƙananan Motocin Tsere

'Yan'uwana ɗalibai, kun sha jin masu gyaran babur a Magajin Gari suna cewa taimin ya goce. To, motocin tseren wasa da ake tuƙawa da rimot su ma suna da nasu. Wata 'yar na'ura ce ke sakar wa wayoyin injin wutar batir bi da bi, su kuwa su juya mayen ƙarfen da ke tsakiya. In aka saita ta tana sakin wutar da wuri, gudu zai ƙaru. Amma fa injin zai ɗau zafi, zafin kuwa in ya yi yawa yakan kashe ƙarfin mayen har abada. Shi ya sa gwanaye ke ƙara digiri 2 kawai, su yi zagayen minti 5, sa'an nan su auna zafin.