Babur Da Ya Daɗe A Jingine: Wankin Kafireta

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, manoma da dama a ƙasar Gumel suka shiga jingine baburansu da damina. Da an yi shuka sai a tura babur zaure, a koma ga jaki da amalanke, ba a waiwayarsa sai kaka, sa'ad da za a kai riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari ran Alhamis. To, ran nan ne ake jin kuka. Mutum ya ɗaure buhu tun da asuba a Gagarawa ko Sule Tankarkar, ya yi ta buga kik har gumi ya karyo masa, babur ya ce bai san zance ba. Kafin a samo bakanike masu saye sun cika motocinsu.

Galibi ba abin da ya sami injin. Man da aka bari cikin kafireta shi ne ya bushe saboda zafi, ya bar wani danƙo ja kamar ƙaro. Danƙon nan ke toshe jet, watau 'yan ƙusoshin tagulla masu huda wadda mai ke bi. Ƙaramin shi ke fara toshewa, don haka babur kan tashi da cok, da an saki sai ya mutu. In kuwa man kwalba ne na bakin hanya, sau da yawa da ruwa da ƙura a ciki.

Mai babur ya rufe famfon mai, ya zare tiyo, ya kwance kafireta. Lalle ya nemi faranti ko tabarma tukuna, gama yashin ƙasar nan in ya haɗiye ƙaramin noti ba ya amayarwa. Sa'an nan ya buɗe ƙwaryar ƙasa, ya fid da abin nan mai yawo bisa mai, da allurarsa, da jet duka biyu. A jiƙa ƙarafan cikin sabon fetur, a goge da tsohon buroshi, a hura da famfon keke. Roba kam a ajiye ta gefe. Kada a yi aikin kusa da murhu ko mai shan taba.

Ga inda mutane ke ɓata abu. Wani in ya ga jet a toshe sai ya ɗauko allura ko basilla ya soka. Tagulla ba ta da tauri, hudar sai ta faɗaɗa, babur ya tashi sarai amma ya riƙa shan mai kamar raƙumi, fulogi kuwa kullum baƙi ƙirin. Sili ɗaya na wayar lantarki mai laushi ya isa. A ɗaga jet ɗin a duba rana, in an hango haske zagaye ya fita. Ƙusar daidaita iska kuma, kafin a fid da ita a murɗa ta ciki a hankali ana ƙirgawa, don a mayar da ita daidai inda take.

Bayan an haɗa, a zubar da tsohon man tanki, a wanke soson iska, in ba haka ba aikin ya zama na baban giwa.

Wanda zai jingine babur baɗi ya rufe famfon mai injin na aiki, ya bar shi har ya mutu don kansa, kana ya sassauta ƙusar da ke gindin ƙwarya sauran man ya tsiyaye. Haka kuma za a yi wa injin ban ruwa in an tashi daga noman rani.